Mallaka ko Aro: Tarihin Dokar Ƙasa da Cinikin Gidaje a Abuja

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama cikin dillalan filaye a Abuja zai ji kalmomi uku suna yawo a bakinsu, wato saye da mallaka da haya. A wurin mai magana kowace kalma tana da iyakarta: wanda ya saya ya mallaka, wanda ƙarfinsa bai kai ga saye ba ya kama haya. Wannan rarrabewa daidai take a ƙa'idar harshe, haka kuma daidai take a al'adar cinikin Bahaushe. Sai dai dokar da ke mulkin ƙasa a Babban Birnin Tarayya ba ta san da zamanta ba. A idon wannan doka mai ƙasa ɗaya ne tak, shi ne Gwamnatin Tarayya, kuma hannu ɗaya ne ke iya ba wani izinin zama a kanta, shi ne hannun Ministan Abuja a madadin Shugaban Ƙasa. Abin da mai katafaren gida a Maitama yake riƙe da shi izinin zama ne na wa'adi, galibi shekara 99, wanda yake biya wa kuɗi kowace shekara, kuma ana iya karɓewa.

Manufar wannan takarda ita ce bin diddigin yadda aka yi aka zo nan. Za a dubi abin da kalmomin ƙasa ke nufi kafin zuwan Turawa, da yadda dokokin 1910 da 1962 suka rage musu ƙarfi, da yadda dokar soja ta 1976 ta yanke wa rabinsu jijiya a cikin yankin Abuja kaɗai. Daga nan sai a dubi abin da hakan ya haifar wa mai saye da mai sayarwa da ɗan haya. Ra'ayin takardar shi ne, mafi yawan asarar da talakawa suka tafka a harkar gidaje a Abuja ta faru ne a cikin ratar da ke tsakanin abin da baki ke kira saye da abin da kotu ke yarda cewa an saya.

2.0 Ƙasar Kafin a Kira Ta Birnin Tarayya

Sunan Abuja ya girmi birnin da ke ɗauke da shi a yau. Bayan da masu jihadi suka ci Zariya a farkon ƙarni na 19, Sarkin Zazzau na Haɓe Muhammadu Makau ya yi kudu da jama'arsa har Zuba. Da aka kashe shi a 1825, sai ƙanensa Abubakar, wanda ake kira Abu Ja, ya gaje shi, ya kuma kafa garin Abuja a 1828. Wannan gari ne aka sake wa suna Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau, bayan da sabon birni ya ɗauki tsohon sunan. Abin lura shi ne, Suleja kanta ba ta shiga cikin yankin tarayya ba. An bar ta a Jihar Neja. Ƙasar da aka yanka kuwa ta ƙunshi garuruwa da ƙauyukan Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwarawa, da na Gade da Gwandara da Koro da Bassa da Ganagana, tare da Hausawa da Fulani da suka daɗe da zama a cikinsu.

Dukkan waɗannan al'ummu suna da hanyoyin riƙe ƙasa, kuma harshen Hausa, wanda shi ne harshen kasuwa a yankin, yana da kalma ga kowace hanya. Akwai gado, akwai kyauta. Akwai aro, inda mai gona zai ba wani ya noma har ranar da ya buƙaci abinsa. Akwai jingina, inda gona ke zama a hannun mai bin bashi yana cin amfaninta har a fanshe ta. Akwai gandu na gida gaba ɗaya, akwai gayauna ta mutum shi kaɗai, akwai saura wadda aka bari ta huta amma kowa ya san mai ita. Baƙo idan ya zo yana neman wurin zama, wurin mai unguwa ko dagaci zai je, a nuna masa fili a gaban shaidu, ya ba da goro. Ba a rubuta komai, domin ƙwaƙwalwar dattawa ita ce rijista.

Fiƙihun Malikiyya ya ƙara wa wannan tsari ginshiƙai. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi takanas a kan ƙasa, wato Ta'alimur Radi, wanda ya yi bayanin hanyoyin da mutum ke keɓanta da ƙasar da ba ta da mai ita, ciki har da rayar da ita ta hanyar sassabe ko gini ko haƙa rijiya. Akwai kuma hauzi, wato idan mutum ya riƙe wuri shekara 10 mai shi yana gani bai yi magana ba, ba kuwa dangantaka a tsakaninsu, to, da'awar mai shi ta faɗi. Akwai shuf'a, wato haƙƙin abokin tarayya na ya riga bare sayen kason da ake sayarwa. A dukkan waɗannan, aikin hannu da daɗewar zama da shaidar jama'a su ne ke haifar da haƙƙi. Wannan fahimta ce mutane suka taho da ita Abuja daga Kano da Katsina da Zariya, ita ce kuma suka iske a wurin 'yan ƙasa.

3.0 Daga 1910 Zuwa 1962

Turawan mulkin mallaka ne suka fara ɗora wani mai iko a kan wannan tsari. A zamanin Gwamna Girouard aka kafa kwamitin nazarin ƙasar Nijeriya ta Arewa, wanda ya zauna a Landan a 1908. Sakamakon aikinsa shi ne dokar 1910, wadda aka sake tsarawa a 1916, inda aka ce dukkan ƙasar Arewa tana ƙarƙashin ikon Gwamna, yana riƙe da ita domin amfanin 'yan ƙasa, kuma ba wani haƙƙin zama da zai inganta sai da yardarsa. Tun daga nan doka ta daina maganar mallaka, ta koma maganar haƙƙin zama.

Gwamnatin Sardauna ta gaji wannan tsari, ta sabunta shi a Dokar Ƙasa ta 1962. Ita wannan doka ta kasa haƙƙin zama gida biyu. Na farko shi ne wanda hukuma ta bayar a rubuce, mai satifiket. Na biyu shi ne na gargajiya, wato na manomi ko magidancin da ke zaune a kan ƙasa bisa al'adar garinsu, ko da ba shi da ko ƙyallen takarda. Saboda wannan kashi na biyu ne talakan Arewa bai ji canjin a jikinsa sosai ba. Ya ci gaba da gado da aro da jingina da saye, alƙali kuma yana saurarensa. Yankunan da daga baya aka haɗa aka yi Abuja duka suna cikin tsohuwar Jihar Arewa, saboda haka har zuwa farkon 1976 manomin Garki ko na Wuse yana da haƙƙin da doka ta sani.

4.0 Dokar Soja Mai Lamba 6 ta 1976

A watan Agusta 1975 Janar Murtala Muhammed ya kafa kwamiti ƙarƙashin Mai Shari'a Akinola Aguda domin duba ko Legas za ta ci gaba da zama hedikwatar ƙasa. Kwamitin ya miƙa rahotonsa a watan Disamba. Ranar 3 ga Fabrairu 1976, a cikin jawabin da ya ƙara yawan jihohi zuwa 19, Murtala ya sanar da cewa za a gina sabon birni a tsakiyar ƙasa, a fili mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 8,000, wanda aka yanko daga jihohin Neja da Filato da Kwara. Kwana 10 bayan jawabin aka kashe shi, amma dokar ta riga ta fita.

Sashe na 1(3) na wannan doka shi ne tushen duk abin da ya biyo baya. Ya fitar da yankin daga cikin jihohin uku, ya kuma mayar da mallakar dukkan ƙasar da ke cikinsa ga Gwamnatin Tarayya ɗungurungum. Sashe na 7 ya hana kowa yin kowane irin gini sai da rubutaccen izinin Hukumar Raya Babban Birnin Tarayya, wadda dokar ta kafa. Kundin tsarin mulki na 1979 ya maimaita batun mallakar, na 1999 ma ya maimaita shi a sashe na 297(2). Ba a bar gurbin haƙƙin gargajiya ko ɗaya ba.

Dalilin wannan tsanani ba ɓoyayye ba ne. An so a sami birnin da ba wata ƙabila da za ta bugi ƙirji ta ce nata ne, bayan abin da aka gani a Legas inda iyalai masu ƙasa suka riƙa sayar da fili ɗaya sau biyu sau uku. Kuma dokar tana tafe da alkawari: za a kwashe dukkan mazauna yankin a sake tsugunar da su a waje, a wuraren da suka zaɓa, gwamnati ta biya. Da an cika wannan alkawari, da dokar ta yi daidai da abin da ke ƙasa, domin ba za a bar kowa a ciki ba balle a yi gardamar haƙƙinsa. To, amma an yi lissafin ne a kan zaton cewa mutanen 'yan kaɗan ne. Binciken da Farfesa Akin Mabogunje na Jami'ar Ibadan ya jagoranta ya gano ƙauyuka fiye da 800. Da aka ga kuɗin kwashe su ya fi ƙarfin baitulmali, sai gwamnatin Janar Obasanjo ta canja shawara a 1978: wanda aikin gini ya iso gare shi ne kawai za a tayar, sauran su zauna inda suke.

A nan ne aka ƙulla ƙullin da har yau ba a kwance ba. An janye alkawarin, ba a taɓa dokar ba. An tayar da wasu, kamar mutanen Wuse da aka kai Sabon Wuse a Jihar Neja, da na Maitama da aka kai Kubwa. Mafi yawa suka zauna a kan gonakin kakanninsu ba tare da wani haƙƙi da doka ta sani ba. Manufar gwamnati kuma ta yi ta sauyawa: a 1992 aka ce a bar ƙauyen Garki a cikin birni a gyara shi, a 1999 aka koma maganar kwashewa, aka gina gidaje a Jibi waɗanda daga ƙarshe jami'an tsaro suka shige. A duk tsawon wannan lokaci sarakunan ƙauyuka sun ci gaba da yin abin da iyayensu ke yi, wato nuna wa baƙo fili. Baƙi kuwa sun yi ta kwarara, musamman bayan da Janar Babangida ya tare a Abuja ranar 12 ga Disamba 1991.

Wani zai ce, ai Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta mayar da ƙasar kowace jiha hannun gwamna, saboda haka Abuja ba ta bambanta da Kano ba. Akwai bambanci babba. Dokar 1978 ta bar wa ƙananan hukumomi ikon ba da haƙƙin gargajiya a karkara, kuma sassanta na 34 da 36 sun ce duk wanda ke riƙe da ƙasa kafin dokar za a ɗauka tamkar an ba shi ne. Manomin Abuja bai ci wannan rangwame ba, domin shekara biyu kafin nan an riga an karɓe abin da za a ce yana riƙe da shi.

5.0 Abin da Kotu Ta Ce, da Takardun da ke Hannun Jama'a

An ɗauki shekaru kafin kotunan sama su fayyace al'amarin. A shekara ta 2000, a shari'ar Ona da Atenda, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke cewa babu haƙƙin zama na gargajiya a yankin Abuja, kuma ba wanda zai kafa hujja da shi. A 2008, a shari'ar Madu da Madu, Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa ƙasar ta Gwamnatin Tarayya ce, kuma ta hannun Minista ne kaɗai ake samun haƙƙi a kanta. Idan aka bi wannan hukunci zuwa ƙarshensa, sassabe ba ya haifar da haƙƙi, hauzi ba ya aiki, shaidar dattawa kuma ba ta da abin da za ta tabbatar.

Da wannan ma'auni za a iya auna takardun da ke yawo a kasuwar filaye. Mafi rauni ita ce takardar sarkin ƙauye, wadda akan rubuta da hannu, mai saye da mai sayarwa da shaidu su sa hannu, sarki ya buga hatimi. A Bichi ko Funtuwa irin wannan takarda tana da daraja. A Abuja shaida ce kawai ta cewa kuɗi sun fita daga wannan hannu sun shiga wancan. Sai takardar ƙaramar hukuma. Yankin yana da majalisu shida, wato Birni da Kewaye da Bwari da Gwagwalada da Kuje da Kwali da Abaji, kuma sun daɗe suna yanka filaye suna ba da takardu masu kan sarki kamar yadda takwarorinsu na jihohi ke yi. Dubban ma'aikata sun sayi irin waɗannan da zuciya ɗaya, domin ai hukuma ce ta bayar. A 2006 aka umarci masu su da su miƙa su a tantance, kuma da yawa sun shafe shekaru suna jiran sakamako. A ganina a nan ne zaluncin ya fi fitowa fili, domin wanda ya saya daga sarkin ƙauye ana iya cewa bai bincika ba, amma wanda ya saya a ofishin gwamnati ya biya kuɗi aka ba shi rasit, me za a ce bai yi ba?

Akwai kuma takardar kamfanonin rukunin gidaje. Tun wajen shekara ta 2000 gwamnati ke ba kamfanoni manyan filaye su gina gidaje su sayar. Mai saye yakan fita da wasiƙar kamfani, alhali asalin takardar filin tana ɗauke da sunan kamfanin. Idan kamfanin ya jinginar da filin a banki, ko aka soke izininsa, ko ya sayar wa mutum biyu gida ɗaya, mai wasiƙa ba shi da wanda zai kama sai kamfanin.

Ko wanda ya sami fili mai satifiket na gaske, da sauran rina a kaba. Sashe na 22 na Dokar 1978 ya hana sayarwa ko jinginarwa ba tare da amincewar gwamna ba, wanda a Abuja Minista ke tsaye a matsayinsa, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa haka ɓatacce ne. Kotun Ƙoli ta nuna kaifin wannan sashe a 1989, a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo, inda jinginar da aka yi ba da amincewar gwamna ba ta rushe, banki ya rasa abin kamawa. A 1995, a shari'ar Awojugbagbe da Chinukwe, ta sassauta da cewa ana iya ƙulla yarjejeniya tukuna, sai dai ba ta cika sai amincewa ta samu. Neman amincewar kuwa yana cin kuɗi da lokaci. Saboda haka sai kasuwa ta ɓullo da dabara: maimakon takardar miƙa haƙƙi, mai sayarwa sai ya rubuta wa mai saye takardar wakilci wadda ba a warwarewa, a yi mata rijista. Fili ɗaya yakan ratsa hannu huɗu ko biyar ta wannan hanya, sunan mutumin farko yana nan a kan satifiket. Alhali tun a 1993, a shari'ar Ude da Nwara, Kotun Ƙoli ta bayyana cewa takardar wakilci ba ta miƙa haƙƙi. Izini ne kawai na yin aiki a madadin wani. Ke nan mutum ya biya miliyoyi, a bakin dillali ya zama mai gida, a takarda kuwa wakili ne.

Batun gado ma yana da nasa ƙulli, wanda ya kamata malamanmu su lura da shi. Kotun yanki tana iya raba gidan mamaci bisa ƙa'idar mirasi, amma sashe na 24 ya ce ba a tsaga haƙƙin zama mai satifiket gida biyu ko fiye saboda mutuwa sai da amincewar hukuma, sashe na 39 kuma ya keɓe wa Babbar Kotu shari'ar irin wannan haƙƙi. Shi ya sa magada sukan ƙare da sayar da gidan su raba kuɗi.

6.0 Shekarun Rusau

Har zuwa 2003 ana iya cewa dokar tana barci. A wannan shekara Malam Nasiru el-Rufa'i ya zama Minista, ya ɗauki aniyar mayar da birnin bisa tsarin da kamfanin International Planning Associates ya zana a 1979. Ya kafa ofishin AGIS domin mayar da bayanan filaye cikin kwamfuta, ya umarci masu satifiket su kawo a sabunta, abin da ya tona takardun jabu da filayen da aka ba mutum fiye da ɗaya. Wannan aiki ya yi amfani, domin tun daga lokacin mai niyyar saye yana da wuri ɗaya da zai je a bincika masa kafin ya biya. A zamaninsa ne kuma, daga 2005, aka sayar da gidajen gwamnati, dubban ma'aikata suka tashi daga zaman gidan hukuma suka zama masu takarda.

Ɗaya fuskar aikin ita ce ta jawo masa laƙabin Mai Rusau. Katafila ta shiga unguwanni irin su Idu da Karmo da Chika. Ƙa'idar da aka bi ita ce a bar gidajen 'yan asalin wuri har a sama musu matsuguni, a rushe na baƙi. Baƙin nan kuwa su ne masu takardar sarkin ƙauye, tare da 'yan hayarsu da suka biya kuɗin shekara ba su san komai ba. Rahoton da ƙungiyoyin COHRE da SERAC suka fitar a 2008 ya ƙiyasta cewa mutanen da aka raba da muhallinsu tsakanin 2003 da 2007 sun kai 800,000. Diyya a dokar ƙasa ta gini ce da shuka da itatuwan amfani, kuma sai ga mai haƙƙin da aka sani. Mai ginin da ba izini ba ya cikin lissafi. Da yawa daga cikinsu suka tsallaka iyaka zuwa Mararaba da Masaka a Jihar Nasarawa, ko Madalla da Suleja a Jihar Neja, inda takardar gargajiya take da sauran mutunci.

7.0 Ɗan Haya

Tun da ƙasar da doka ta yarda da ita kaɗan ce, kuma tana hannun 'yan kaɗan, mafi yawan mazauna Abuja 'yan haya ne. Dokar da ke tsakaninsu da masu gida ita ce Dokar Karɓar Gidaje, babi na 544 na kundin dokokin 1990, wadda asalinta na zamanin Turawa ne. Tana cewa, idan yarjejeniya ba ta faɗi wani abu daban ba, ɗan hayar mako ana ba shi notis na mako ɗaya, na wata wata ɗaya, na wata uku wata uku, na shekara kuwa wata shida. Idan wa'adin ya cika bai tashi ba, sai a ba shi wata takardar ta kwana 7 mai sanar da shi cewa mai gida zai tafi kotu. Bayan nan ma kotu ce ke fitar da shi. Cire ƙofa ko kwance rufi ko watsar da kaya waje ba ya halatta, ko da ɗan hayar ya daɗe bai biya ba, kuma tun a 1986 Kotun Ƙoli ta ɗora wa mai gida diyya a kan irin haka a shari'ar Eliochin da Mbadiwe.

A takarda wannan kariya ce mai ƙarfi. Sai dai a lura da sharaɗin nan na cewa idan yarjejeniya ba ta faɗi wani abu daban ba. Lauyan mai gida ne ke rubuta yarjejeniyar, ɗan haya ne ke biyan ladan rubutun, kuma galibi akan rubuta ta a matsayin haya mai ƙayyadadden wa'adi na shekara ɗaya. Irin wannan haya tana mutuwa da kanta ranar da wa'adin ya cika, ba ta buƙatar notis na wata shida. Takardar kwana 7 ta isa. Mutum yana zaune yana ƙirga wata shida a ransa, alhali ya sa hannu ya yafe su tun ranar da ya karɓi makulli. Su ma masu gida suna da nasu kuka, domin a da kuskuren kwana ɗaya a lissafin notis yakan rushe shari'ar da aka shekara ana yi. A 2021, a shari'ar Pillars da Desbordes, wadda ta taso daga Legas, Kotun Ƙoli ta nuna cewa shigar da ƙara kansa yana iya gyara irin wannan kuskure.

Abin da dokar ta yi shiru a kansa shi ne abin da ya fi ci wa ɗan haya tuwo a ƙwarya, wato kuɗin shiga. Ma'aikaci yana karɓar albashi wata-wata, amma ana neman ya biya hayar shekara guda, wani lokaci biyu, a dunƙule, ga la'adar dillali wadda galibi kashi 10 cikin 100 ce, ga kuɗin lauya, ga kuɗin ajiya saboda ɓarna. Jihar Legas ta sa wa wannan iyaka a dokarta ta 2011. A 2022 Sanata Smart Adeyemi ya kawo ƙudurin da zai taƙaita kuɗin farko a Abuja zuwa na wata uku, daga nan a riƙa biya wata-wata. Ƙudurin ya tsallake karatu na biyu, amma waccan majalisa ta tashi a 2023 bai zama doka ba.

8.0 Mai Gida a Matsayin Ɗan Haya

Shi kansa mai satifiket yana da nasa mai gida. Cikin sharuɗɗan takardarsa akwai gina filin cikin wa'adi, da biyan kuɗin ƙasa kowace shekara ba sai an tambaya ba. Kafofin watsa labarai sukan kira wannan kuɗi harajin fili, amma fassarar da ta fi kusa da ma'anarsa a doka ita ce kuɗin hayar ƙasa, kuma sashe na 28 ya ba da ikon soke haƙƙin wanda ya saɓa sharaɗi. An shafe shekaru ba a matsa ba, har manyan mutane da hukumomi suka manta da shi.

Minista Nyesom Wike, wanda ya kama aiki a watan Agusta 2023, ya tuna musu. A watan Satumba na wannan shekara ya soke filaye 165 saboda rashin gini. A watan Maris 2025 aka sanar da soke takardu 4,794 a tsofaffin unguwannin birni, irin su Wuse da Garki da Maitama da Asokoro, waɗanda masu su suka haura shekara 10 ba su biya ba. Ranar 26 ga Mayu 2025 jami'ai suka fara garƙame gine-ginen, ciki har da Wadata Plaza, hedikwatar jam'iyyar PDP da ke Wuse, da wani ofishin hukumar tara haraji ta tarayya. A ranar ce Shugaba Bola Tinubu ya sa baki, aka ba masu bashin kwana 14 su biya abin da ake bin su, tare da tarar da ta kama daga naira miliyan 2 zuwa miliyan 5, gwargwadon unguwar da ginin yake.